ZARE: Daga Kura zuwa Tarabulus, tarihin son da launin fata da asali suka kashe

1/ Jama'a, ku matso. Yau zaren tarihi ne, kuma da ɗan tsawo, mai ƙaramar data ya adana sai dare. Maganar so ce, da launin fata, da asali, da irin kukan da mutum ke yi shi kaɗai bayan kowa ya kwanta. 🧵

2/ Masu bin littattafan Turanci kun san Open Water na Caleb Azumah Nelson, ɗan asalin Ghana da ya tashi a Landan. Ya fito a 2021, ya ci kyautar Costa ta littafin farko. Saurayi mai ɗaukar hoto, budurwa mai rawa, dukansu baƙaƙe. So na ƙoƙarin tsayawa, tsoron 'yan sanda da rashe-rashe na ture shi.

3/ Kafin shi akwai If Beale Street Could Talk na James Baldwin, 1974. Tish da Fonny a unguwar Harlem. An ƙulla wa Fonny sharrin fyaɗe, an kulle shi, ita kuma ga ciki. Hirar masoya ta koma ta bayan gilashin gidan yari.

4/ Duk sanda aka kawo irin waɗannan, sai ka ji ana cewa, “Allah sarki baƙaƙen Turai, mu dai alhamdulillahi ba mu san wannan ba.” A nan nake da ja. Mun san shi sarai, da wani suna dai muke kiransa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu sauko daga tudun.

5/ Zan fara daga gida. Mu mutanen Garun Malam, Kura da Bunkure, yau da shinkafa da tumatir aka san mu. Amma a ƙarni na 19 sunan Kura da rini ya fita. Karofi, baba, mabuga, da turkuɗi mai sheƙi wanda Buzaye ke naɗawa. Har sunan garin yadin ya ɗauka: ɗan Kura.

6/ Turkuɗin nan ba ƙafa gare shi ba, ayari ke ɗaukarsa. Daga Kano a bi ta Damagaram da Agadas, a kai Gat, a wuce Gadamas ko Murzuk, har Tarabulus a bakin teku. Wannan muna faɗa da alfahari, kuma ya cancanta. Abin da ba mu cika ƙarasawa ba: ayarin ba yadi da fata kaɗai yake korawa ba. Har da mutane.

7/ Heinrich Barth, Bajamushen da ya zauna a Kano a 1851, ya yi ƙiyasin bayi kusan 5,000 ake fitarwa daga Kano duk shekara. Wasu Borno, wasu Nufe, wasu su haura Sahara. A masu haurawa mata da 'yan mata sun fi yawa, don aikin gida da sa-ɗaka ake nemansu. Kowace ɗaya a ciki 'yar wani ce, wata ma da saurayinta.

8/ A ƙasarmu hujjar kama bawa ita ce “arne ne”. To amma da an tsallaka hamada, wa zai tsaya tambayar ka kalmar shahada? Fatar ita ke magana. Har ta kai a bakin Larabawa da yawa kalmar “bawa” da “baƙin mutum” suka zama ɗaya. Wariyar launi ke nan, ba Bature ko ɗaya a wurin.

9/ Kuma ba yau malamanmu suka ga haka ba. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya amsa wa mutanen Tuwat tambaya a kan bayi. Ya nuna baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, ya rushe labarin nan na wai la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba.

10/ Ku lura da kyau: ba a rubuta fatawa a kan abin da ba ya faruwa. Tunda har sai da ya ambaci Kano da Katsina da suna, to ana sayar da Kanawa da Katsinawa a kasuwannin arewa tun shekara 400 da suka wuce.

11/ Yanzu ga wani yaro da ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya sani: Dorugu. Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. An kama shi yana yaro, aka raba shi da iyayensa, ya faɗa hannun masu shi a Kukawa. Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, shi ya 'yanta shi. A 1855 Barth ya tafi da shi Landan tare da wani yaro, Abbega.

12/ A can ya zauna da J. F. Schön, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Wato fiye da shekara 160 kafin Open Water, wani matashi baƙi ya taka titunan Landan, ya ga Turawa sun gan shi, ya kuma faɗi abin da ya gani da harshenmu. Ya dawo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912.

13/ Sai babban littafin da ya sa na buɗe zaren nan: Shaihu Umar. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. Daga wannan yunƙuri muka samu Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi, Jiki Magayi da Shaihu Umar.

14/ Wanda ya rubuta Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, an haife shi a 1912, littafin ya fito a 1934. Ku yi lissafi. Shekara 22. Sa'anmu ne, ƙaramin malamin makaranta a Bauchi. Wasu abokan gasarsa sun tafi ban dariya da aljanu da yaƙi, shi ya zauna ya rubuta baƙin ciki.

15/ Da yawanmu a sakandare muka karanta shi don jarrabawa, muka haddace “jigo: bauta”, muka wuce. Ku koma masa yanzu da kuka girma. Farkonsa ma da tambayar asali ya buɗe: almajiri ne ya tambayi malaminsa daga ina ya fito. Amsar wannan tambaya ita ce littafin gaba ɗaya.

16/ Umar maraya ne a Kagara. Uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Me Makau ke yi? Harin bayi yake zuwa wa sarki. Mahassada suka ce ya ɓoye wasu, aka kore shi. Kun ga wayon marubucin? Gidan da bauta za ta cinye, da bautar wasu yake cin tuwo. Bai bar wa kowa wurin wanke hannu ba.

17/ Uwar ta tafi ganin iyayenta a Fatika, aka sace Umar a bayanta. Daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu ya zama malami. Shi dai nasa ya zo da sauƙi.

18/ Ita fa? Ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta. Aka yaudare ta da cewa za a kai ta wurinsa, ta tsinci kanta a Murzuk, aka sayar, aka kai ta Tarabulus. Ba ta cin kirki, ba ta aikin kirki, sai rama da tunanin ɗa. Hanyar da turkuɗin Kura ya bi, ita ta bi.

19/ Bayan shekaru suka haɗu a Tarabulus, ta gane shi, ya gane ta. Ba a jima ba ta rasu. Shi ke nan. Ba ɗaukar fansa, ba dawowa gida tare. Wallahi in wannan bai taɓa ka ba, ban san me zai taɓa ka ba. An fassara shi zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

20/ Wani zai ce ai wannan son uwa da ɗa ne, ina na saurayi da budurwa? Tambaya mai kyau. Don a amsa ta sai mun baro hamada mun dawo cikin gida, domin yawancin bayi ba a fitar da su ba. A nan suka zauna, a rinji da gandu, suna noma wa sarakai da attajirai.

21/ A ƙasar Kano an san gandayen sarauta irin su Fanisau, Nasarawa, Gogel da Giwaram. Ɗan da bayi suka haifa a gidan ubangijinsu shi ne bacucane, jam'i cucanawa. Ku karanta Baba of Karo, labarin da wata tsohuwa Bahaushiya ta ba Mary Smith aka buga a 1954, za ku ga rinji da harin bayi da fansa daga bakin wadda ta gani da idonta.

22/ A nan dole a yi adalci: tsarinmu bai zama irin na Amurka sak ba. Can, dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, ko da ubangijin ne ya haife shi. Nan kuwa ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana sarauta. Sarakuna da dama 'ya'yan sa-ɗaka ne.

23/ Kuma bayin sarki irin su Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe iko a fadar Kano wanda 'ya'ya da yawa ba su ko yi mafarkinsa ba. Sannan bawa da ubangiji sau da yawa fatarsu ɗaya. Don haka tabonmu ba a fuska yake ba. A baki yake, a cikin abin da tsofaffin unguwa suka riƙe.

24/ Amma ku dubi inda ƙofar take buɗe da inda take rufe. Ubangiji zai iya sa baiwa a ɗaka. Bawa namiji ya ɗaga ido ya ce yana son 'yar gidan? Tab. So yana gangarowa daga sama, ba ya hawa daga ƙasa. A wannan, mu da Amurka kamar an tsaga kara.

25/ Turawa sun ci Kano a 1903. Dokar Lugard ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Da yawa sai da suka yi murgu, suna aiki suna biyan iyayen gijinsu, kafin su fanshi kansu. Sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa.

26/ 1936 fa. Shekara 2 bayan fitowar Shaihu Umar. Wato lokacin da Ɓalewa ke rubutu, akwai masu sunan bayi a doka suna raye a garuruwanmu. Kakannin iyayenmu sun zauna da su, ko kuma su ne su. Doka ta goge sunan a takarda, ba ta goge shi a zauren neman aure ba.

27/ To me adabin soyayyarmu ya yi da wannan? A Jiki Magayi, Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya ƙwace ta, baƙin ciki ya koma fansa, fansa ta cinye kowa. Katangar da ta raba masoya a nan kuɗi ce.

28/ A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, 'yar Ƙofar Mata, mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Boɗaɗo Bafulatana ce, tana son Yasir, dangi suna ganin ba jininsu ba ne. Nan an matso kusa: katangar ta zama ƙabila da jini.

29/ A 1991 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe gari. Sumayya 'yar masu kuɗi, Muhammad talaka, aka matsa mata sai mai kuɗi, ta faɗa rijiya. Shi da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da sauran marubutan kasuwar Kano sun yi yaƙi da auren dole, kuma sun sha zagi a kai. A jinjina masu.

30/ Sai dai ku lura, mai kuɗi da talaka labari ne mai sauƙin warwarewa: yaron ya yi arziki a littafi na 2, a ɗaura aure, a tashi. Asali kuwa ba ya wankuwa da arziki. Ina ganin shi ya sa da wuya ka ga jarumin da aka hana mata don kakansa bacucane ne, a faɗi kalmar ƙarara, a bi shi har cikin ɗakinsa.

31/ Kada ku ce ya wuce. Hadijatou Mani, a yankin Birnin Ƙonni na Nijar, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan saifa 240,000. Ta zama wahaya, wato sa-ɗaka bayan mata huɗu. A 2005 ubangijin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta.

32/ Ta fita, ta auri wanda take so. Kun san me ya biyo baya? Kotu ta yanke mata wata 6 a kan wai ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, a biya ta saifa miliyan 10.

33/ Ku ajiye wannan kusa da na Richard da Mildred Loving, Bature da baƙar mace da Virginia ta hukunta don sun yi aure, har kotun ƙolin Amurka ta rushe dokar a 1967. Nasu an yi fim, muna kallo muna share hawaye. Tamu kuwa, da yawanmu yau muka fara jin sunanta.

34/ Hanyar hamadar ma ba ta mutu ba. A Nuwamba 2017 CNN ta nuna bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen 'yan ci-rani a Libiya, mutum a kan dala 400. Ta Agadas suka bi. Uwar Shaihu Umar da za ta dawo, ba za ta nemi ɗan jagora ba.

35/ Mu dawo gida. Tunda aka gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, ruwa ya shigo Kadawa, Kura da Bunkure, yankinmu ya cika da baƙi. Masu dashe, masu yankan shinkafa, masu tsinkar tumatir, masu lodi a Kwanar Gafan. Wasu kaka ɗaya suke yi, wasu sun shekara 30, sun haifi 'ya'ya a nan.

36/ Gumin baƙo halal ne a gona. Ranar da ɗansa ya aiko neman aure sai a tashi bincike. Bincike a kan hali da sana'a da salla da lafiya, wannan daidai ne, ko ni ƙanwata sai an yi. Amma kowa ya san akwai tambaya ta biyu da ake yi ƙasa-ƙasa: su wane ne? Daga ina kakansu ya zo?

37/ In amsar ta zo da “bayin gidan wane ne”, ko mahauta, ko wanzamai, ko maƙera, ko makaɗa, sai ka ji “an riga an yi mata miji”. Ba wanda zai faɗa wa yaron gaskiya. Aski muna so, nama muna ci, garma muna saya, kiɗa muna rawa. Suruki ne dai ba ma so.

38/ Launi ma yana nan. “Fara ko mayya ce.” “Baƙa ce amma kyakkyawa.” Ku tsaya a kan wannan “amma” ɗin. Sannan mu zo muna yi wa 'yan mata dariyar bilicin, alhali mu muka kafa kasuwar. Yarinya ba ta ƙona fatarta don nishaɗi. Ta ji abin da samari da iyayen samari ke yabo ne.

39/ Masu fakewa da addini, ku yi haƙuri. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar ma'aurata a kan addini da lafiya daga aibu take, ba a sa nasaba sharaɗi ba. Bilal ya auri 'yar'uwar Abdurrahman bin Auf. Usama bin Zaid, ɗan 'yantaccen bawa, baƙi, Annabi (SAW) da kansa ya zaɓa wa Faɗima bint Ƙais, Baƙuraishiya.

40/ Almajiran zaure masu karatun Shu'ara ma sun san Antaru ɗan Shaddadu. Uwarsa Zabiba baiwa ce Bahabashiya, shi baƙi, yana son Abla 'yar baffansa, dangi suna ƙyamar fatarsa. Tun kafin Musulunci. Shekara da shekaru ana fassara waƙarsa da Hausa a zaurukanmu, a yaba fasaha, a tashi a hana irinsa aure.

41/ Abin da ya sa Open Water ke taɓa mu shi ne yadda saurayin ya kasa buɗe baki ya faɗa wa wadda yake so abin da ke cinsa, har shirun ya raba su. Mu ma muna da wannan shirun, har suna muka ba shi: kunya, kara, “namiji ba ya kuka”, “haka Allah Ya so”. Mutum ya haɗiye, ya auri wata, ya tsufa da shi.

42/ Irin wannan rashi ba a zaman makokinsa. Ba gawa, ba ta'aziyya, ba sadakar uku. Yarinya ta tare a gidan da ba ta so, yaro ya tattara ya tafi Legas ko Agadas. Adabi kaɗai ke iya shimfiɗa tabarma a karɓi gaisuwar irin wannan mutuwa.

43/ Don haka marubutanmu na Wattpad da WhatsApp da Facebook, masu hawa gasar Hikayata ta BBC Hausa, ga fili. Ɗan shugaban ƙasa da jirgin Dubai sun huta haka nan. A ba mu ɗan mai dashe da 'yar mai gona a bakin kanal, da kakar da ta san asalin kowa, ita ma a bar ta ta faɗi nata tsoron.

44/ Kayan aikin duk muna da su: shunin da ke kama fata, ƙamshin daddawa, kukan injin ban-ruwa da asuba, hazon hunturu a kan fadama. Kuma a rubuta shi da Hausa, don wadda za ta hana auren ta ji shi a rediyo ko a wayar jikarta.

45/ Mu kuma da ba marubuta ba, namu ya fi wuya. Nan da shekara 20 mu ne baffanni da gwaggonni, mu za a aika bincike. Ranar da aka tambaye ka “su wane ne?”, kana iya cewa: yana salla, yana da sana'a, ba ya duka, tana son sa. Ka tsaya a nan.

46/ Wanda bai karanta Shaihu Umar ba tun sakandare, ya nema, siriri ne, zama ɗaya ake gama shi. A wannan karon ku bi uwar, ku bar ɗan. Ku tura wa wanda ya kamata ya gani. Allah Ya jiƙan waɗanda hamada ta binne ba suna, Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri. 🤲🏿